Baba Kuku da Alkamar Baƙo

Farkon damina ne, irin wadda ruwa ke yi wa mutane rowa. An yi shuka ta ƙone, aka sake, ta fito a tsorace. Samarin garinmu da suka tafi cin rani Kano da Abuja yawancinsu ba su dawo noma ba, sai gaisuwa ta waya. Da la'asar in ka tsaya a bakin titi ka dubi layin gidajen Yadi, za ka ga ƙofa uku a buɗe, biyar da kwaɗo. A cikin wannan shekara mai shiru Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin mai gidana, wanda kowa daga Birnin Kudu har Gwaram yake kira Baba Kuku. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Talata ce da hantsi. Yana zaune a kan buzunsa na kawo masa koko, ya ce in ajiye ya sha iska. Kafin kokon ya huce ya riga ya tafi.

An zo gaisuwa, ba laifi, amma ba irin taron da ake yi wa tsofaffin garuruwa masu asali ba. Mu Yadi ba mu da dangi a kewaye, kowa daga wani wuri iyayensa suka zo. Ƙanwar Baba ta iso daga Basirka a bayan babur, tana sauka ta ce, “Na faɗa masa ya dawo gida ya mutu cikin 'yan'uwansa, ya ce yana da ajiya a nan. Ga ajiya nan ta riƙe shi.” Malam Liman, wanda suka shafe shekaru suna musu da Baba a kan komai, shi ya sallaci gawar. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, ya ce, “To ni yanzu da wa zan yi gardama?” Mutane suka yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

Akwai wata mata Kirista mai shagon magani a bakin titi, mutuniyar Filato. Ta shigo da mayafi ta zauna cikin mata, ta yi mana gaisuwa yadda ake yi. Da za ta tafi ta kamo hannuna a ƙofar ɗaki, ta ce a hankali, “Maman yara, bana wa zai dafa alkamar?”

Mai gidana yana tsakar gida, ya ji. Bai juyo ba, ya ce, “Alkama ta bi mai ita.”

Saboda wannan magana nake rubuta abin da nake rubutawa, don wanda bai san Yadi ba ba zai san me aka yanke a wannan tsakar gida ba.

Garinmu ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar kuka da za a ce a gindinta kakan wane ya sauka. Daji ne a da, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, sai makiyaya ke ratsa shi. Wasu Turawa masu aikin hanya da gada suka zo suka sare shi suka kafa sansani. Baba ba ya yarda a ce musu Turawa kawai a yi shiru. “Ba na Ingila ba ne,” in ji shi. “Sabiyawa ne. Ƙasarsu a lokacin Yugoslabiya ake ce mata, amma in ka tambaye su, sai su bugi ƙirji su ce Sabiya.” Su suka haƙa rijiyar da muke sha har yau. Su suka gina ɗakuna shida na bulo da rufin kwano, suna kallon juna, da hanya mai faɗi a tsakani. Wurin da suke ajiye motoci da injuna shi ake kira yadi, sunan kuma ya bi garin. Leburori suka yi bukkoki a gefe, masu tuwo-tuwo suka biyo leburori, mai shayi ya biyo masu tuwo. Damina huɗu suka yi. Da suka tafi, waɗanda ba su da abin komawa gida suka zauna, aka share gonaki, aka ɗaura aure, aka haifi irin su mai gidana.

Baba ya zo yana saurayi neman aikin lebura, aka ga ba shi da ƙarfin diga, aka tura shi kicin wanke tukwane. A nan ya zama kuku. Ya iya burodi mai tauri da miyar wake da nama irin tasu, har ya tsufa in ya ga ana zuba ruwa da yawa a wake sai ransa ya ɓaci.

Abu ɗaya da ya ɗauko daga wurinsu bai taɓa saki ba shi ne igiya. Ya ce a ƙauyukansu gidaje a jere suke kamar haƙoran mataji, kuma haka suka ja layin Yadi. Duk wanda zai yi gini, sai Baba ya fito da igiyarsa ya ɗaura a kusurwar ɗakin bulo na farko ya miƙe ta. Ba mai unguwa ba ne, ba kowa ba ne, amma ba a gini sai ya ja. Na taɓa gani da idona wani maƙwabcinmu ya turo zaurensa waje da kamu ɗaya. Baba ya zo ya tsaya yana kallo.

“Baba Kuku, kamu ɗaya ne fa. Wa zai gani?”

“Ni.”

“To in ka mutu fa?”

“Sai ka turo shi kamu biyu, ka huta. Yanzu dai rushe.”

Ya rushe kuwa, yana ƙunƙuni, Baba yana taya shi kwaɓa ƙasa.

Ni daga Kiyako aka kawo ni, ban san kowa ba. Tun ranar da na shigo yake kirana Amarya, har na aurar da 'yata ta fari bai canza ba. Ɗana na farko kwana tara ya yi a duniya ya koma. Uwar mijina ta riga ta rasu, tawa uwar tana jinya, gwaggon da ta zo wankan jego ta koma da wuri. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, abinci ba ya shiga. Rana ta uku na ji motsin tukunya a madafata. Na leƙa, sai ga surukina a tsugune yana hura wuta. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya kawo kwano ya ajiye a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya zauna a waje ya ba ni baya.

“Amarya, miyar wake ce. Ba zan tashi ba sai na ji ƙarar cokali.”

Na ce, “Baba, mutane za su yi magana.”

“Su yi. Ni kuku ne tun ba a haife su ba.”

Sati biyu yana yi. Matan layi suka yi ta tsegumi, suruki yana dafa wa matar ɗansa. Bai taɓa ce min in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya faɗa. A waɗannan kwanakin ne, yana zaune yana kallon katanga, ya ba ni labarin Dogo.

Dogo bakaniken Sabiyawan ne, ya girmi sauran, ba ya son hayaniya. Shi da Baba ba su da yare ɗaya: Hausa kaɗan, Turanci kaɗan, sauran da hannu. In an tashi aiki yakan zo bayan kicin ya zauna a kan bokiti, Baba yana fere dankali, shi yana waƙa a hankali cikin yarensu. Ya zo da ƙwallayen wani ɗan itace na garinsu a cikin gwangwani, duk shekara sai ya shuka, ya yi ta ban-ruwa, su tsiro, bazara ta kashe su. Sai ya ɗaga kafaɗa ya jira wata shekarar. A daminarsu ta uku zazzaɓi ya kama shi. Gadar ba a gama ta ba, kogi ya cika ya batse, mota ba ta wucewa. Kwana huɗu ya yi, Baba na shafa masa ruwa a goshi. Ya mutu lokacin da gero ya fara fidda kai.

Ba yadda za a kai shi Kano, balle ƙasarsu. Aka ce leburori su haƙa kabari a bayan sansani. Su kuwa suka haƙa irin namu, matsattse, daidai kwanciyar mutum a gefensa. Da abokansa suka iso da akwatin da suka ƙera da katakon aikin gada, akwati ya ƙi shiga. Aka ajiye shi a ƙasa, ruwa na zuba, Sabiyawa da Hausawa suka karɓi shebur suna faɗaɗa rami tare, wasu na kuka. Baba ya ce bai taɓa ganin Bature da laka har gwiwa ba sai ranar.

Daga nan babbansu ya shiga kicin da kwanon alkama, ya nuna wa Baba yadda ake yi: a jiƙa ta kwana, a dafa har ta fashe, a tsane, a daka sama-sama, a zuba sukari. Su da wata gyaɗar bishiya suke haɗawa, da babu sai aka soya tamu aka sa. Kowa ya ɗebi cokali ɗaya, ya tuna mamacin. Suka sake yi ranar kwana arba'in. “Su ma suna arba'in, Amarya,” in ji Baba. “Na yi mamaki.” Suka sake da shekara ta zagayo. Ranar da za su tafi gaba ɗaya, motoci sun tayar, babban nasu ya kama hannun Baba ya ja shi bayan sansani. Ya nuna kabarin, ya nuna tukunya, ya nuna Baba. Baba ya ce, “Na ɗauka.” Ba shaida, ba takarda.

Tun daga nan, duk shekara in gero ya fara fidda kai, sai Baba ya hau mota zuwa kasuwar Birnin Kudu ya zaɓo alkama da kansa. Ya share kabarin, wanda yanzu yake tsakiyar gonarsa ta bayan layi, ya dafa alkama a babbar tukunya, a bi gida-gida da ita. Yara suna kiran ranar sallar Baba Kuku. Da yawa sun ci sun girma ba su san dalili ba.

Malam Liman ya sani, kuma a kan haka suka yi babban faɗansu. Shekarar da aka ba shi limanci ya zo har zaure ya ce wannan abu ba shi da asali, mutumin nan ba Musulmi ba ne, ba a yi masa sadaka.

Baba ya ce, “Allah gafarta Malam, na ce ka yi masa addu'a?”

“Ba ka ce ba.”

“Na ce ka je kabarinsa?”

“A'a.”

“To alkawari na ɗauka, a gaban Allah, ina da hankalina. Ka nuna min inda aka ce in mai alkawarin ba naka ba ne ka zubar. In ka nuna min, gobe na daina.”

Malam ya ce zai duba. Wata uku ba sa gaisawa sai a sahu. Shekara ta zagayo, aka kai kwano gidan Malam, kwano ya dawo a wanke. Kowace shekara in sun haɗu sai Baba ya ce, “Malam, an duba?” Shi kuma ya ce, “Ana kan dubawa. Sukarin bana ya yi kaɗan.”

Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba, ba wanda ya taɓa dawowa. Wata shekara, ina goyon 'yata ta biyu, rediyo ya yi ta faɗin ana yaƙi a ƙasar Sabiyawan, ta tsage gida-gida. Baba ya saurara kwana biyu, a na uku ya kashe rediyon ya tura shi ƙarƙashin gado. Na kai masa tuwo ya ce ba ya ci. Ya ce, “Ina ta cewa wata rana ɗan Dogo ko 'yarsa za su zo su tambaya, in nuna musu. Yanzu kowa ta kansa yake. Kin ga, Amarya, ba shi da kowa sai mu.” Na lura tun daga shekarar ya daina tsayawa a bakin titi in baƙuwar mota ta rage gudu.

Da hannunsa ya fara rawa, ni nake daka, shi yana zaune yana ba da umarni. “Kar ki mai da ita gari, ba fura ba ce.” Bai taɓa ce min in ɗauka bayan ransa ba. Ina jin ya san ba ni da iko da gona, ba ni da iko da gida, bai so ya ɗora min abin da zai haɗa ni da ɗansa. Mai gidana mutum ne mai sauƙi, amma ya gaji. Tun yana yaro ake tsokanarsa a makaranta da ɗan mai dafa wa Bature, kuma masu wa'azi na yanzu ba su da haƙurin Malam Liman. Ban ga laifinsa ba. Ni dai kwanakin zaman makoki duk na yi su ina tunanin alkamar. In na fita ɗiban ruwa sai in ga buzun Baba a rataye, in dubi gonar bayan layi, in ga kamar mutum biyu aka binne mana a rana ɗaya.

Ruwa ya daidaita daga baya, gero ya yi ciki. Satin da za a yi sadakar arba'in ɗin Baba na bi ta gefen gona na ga kawuna sun fara leƙowa. Na dawo na sami mai gidana yana gyaran fartanya.

“Malam, me za a dafa na sadaka?”

“Abin da ya sawwaƙa. Waina, gumba, kin fi ni sani.”

Na yi waina, na yi gumba. Na kuma aiki 'yata Birnin Kudu ta auno alkama. Da safiyar arba'in mai gidana ya shigo ya ga tukunyar a kan murhu, ya tsaya, ya dube ni. Na ce, “Ta Baba ce.” Ya juya ya fita. Da aka fitar da kwanuka zaure, na kasa kunne. Sai muryar Malam Liman: “A miƙo min nan.” Ya ci, ya ce, “Allah ya jiƙan Kuku, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Mutum ne mai riƙe abin da aka ba shi.” Aka shafa. Bai ce komai a kan sukari ba.

Da la'asar aka zauna maganar gado a tsakar gida. Gonar bayan layi ta faɗa wa ƙanin mai gidana, wanda ke da shago a Kano. Ya ce shi ba zai iya noma daga Kano ba, ya riga ya yi magana da wani mai noman riɗi, bayan kaka zai shigo da tarakta ya haɗe ta da gonakin gefe. Ni ba a sa ni a maganar ba, ina tankaɗe a gefe. Amma tsakanina da shi akwai wasa, tun yana ɗan makaranta nake ba shi ƙanzo. Na ce, “Alhaji ƙarami, mai taraktar ya san akwai mutum a ciki?”

“Kai, matar Yaya! Ke ma Baba ya shafa miki? Tarakta ba ta san kwana ba, miƙewa take.”

“A bar masa ɗan wuri mana. Ko taku goma.”

“A bar wa wa? Shekara nawa muna cin alkamarsa, wa ya san sunansa? Dogo suna ne? Ko Baba bai iya faɗa ba. Mutumin da ba suna, ba dangi, ba mai nema.” Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. “Kawo min sunansa kafin in tafi gobe, in bar masa taku goman.”

Mai gidana ya ce, “Akwai rubutu a kan simintin kabarin. Amma Malam ya duba tun da daɗewa, ba ajami ba ne. Malaman firamare sun duba, ba boko ba ne. Bar ta kawai, ta gaji.”

Aka tashi a haka. Gaskiyar Alhaji ce ta fi damuna. Baba ya share kabarin nan fiye da shekarun aurena, ya tafi bai san sunan wanda yake yi wa ba.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na ɗauki tsintsiya da ruwa a buta, da littafin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da shi, da fensir. Raɓa ta jiƙa min zani kafin in isa. Ciyawa ta rufe simintin, gefe ɗaya ya tsage. Na cire ciyawar, na wanke, na bi ramin rubutun da tsinke ina fitar da ƙasa. A sama akwai alamar addininsu, na bar ta a inda take. A ƙasa layi biyu ne. Wasu haruffan kamar namu, wasu sun juya baya, ɗaya kamar ƙofar ɗaki, ɗaya kamar ƙwaro mai ƙafa shida. Na durƙusa na zana su ɗaya bayan ɗaya, yadda malamarmu ta koya mana ranar farko, lokacin da namu ma zane ne kawai a idona. Na goge, na sake, har sau uku.

Na sami Alhaji a bakin titi yana sa jaka a mota. Na yage takardar na miƙa masa. Ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya fasa. Ya daɗe yana kallonta, yana bin layin da ɗan yatsa.

“Ke kika rubuta?”

“Ni na kwafa.”

Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. “Taku goma,” ya ce. “Kar ki ƙara ko ɗaya. Kuma ki sa alama, direban tarakta ba ya tambaya.”

Motar ta tashi. Na koma gida na ɗauki adda, na saro rassan cindazugu daga shingen bayan ɗakin Baba, na ɗauko su a ka. Babu kowa a gonar sai ni da tsuntsaye a kan gero. Na tsaya a kan simintin, na tattare zanina, na buɗe ƙafa iya buɗewata na ƙirga goma gabas, na kafa reshe. Na dawo na ƙirga goma yamma, da kudu, da arewa. Sannan na bi tsakaninsu ina kafawa ina dannawa da diddige, har rana ta ɗaga, rassan suka ƙare.